Daga Ƙurar Reggane Zuwa Kasuwar Panteka: Ina Ruwan Ƙaramar Hukuma da Bam ɗin Nukiliya?

Da safiyar hunturu, wanda ya taso daga Suleja ya nufi Zuba zai iya wuce Dutsen Zuma bai gan shi ba. Hazo ya lulluɓe komai. 'Yan acaɓa sun naɗe fuska sai idanu, mai shayi yana ta fama da wuta, a filin jirgin Nnamdi Azikiwe kuma fasinjoji sun yi jugum suna jiran gari ya washe. Ba mai tambayar inda ƙurar ta fito. Kowa ya san daga hamada take, kuma haka take zuwa tun kaka da kakanni.

Amma an yi wani hunturu da wannan ƙurar ta hana shugabannin ƙasar nan barci.

Ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a kusa da Reggane, can cikin hamadar Aljeriya. Ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima kamar sau huɗu, kuma an tayar da shi ne hunturu bai gama tafiya ba. Tun a 1959 da labarin shirin ya ɓulla, fargabar mutane a nan ita ce iska ta kwaso gubar ta sauke a kan gonaki da rijiyoyi da garken shanu. Faransa ta ce babu abin tsoro. Sai bayan shekara hamsin da 'yan kai, da aka buɗe wasu takardun sirri na sojinta a 2013, jaridar Le Parisien ta buga wata taswira da ta nuna burbushin bam ɗin ya kai Njamena da Bamako, cikin kimanin mako biyu kuma ya isa gaɓar Sifaniya da tsibirin Sisili.

Ranar da aka kori jakada

Faransa ta sake gwaji a watan Afrilu, ta kuma yi na uku ranar 27 ga Disambar 1960. A nan ne haƙurin gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ƙare. A farkon Janairun 1961, Najeriya tana da wata uku kacal da samun 'yanci, ta yanke hulɗa da Faransa, ta sallami jakadanta Raymond Offroy daga Legas, ta kuma hana jiragen Faransa na sama da na ruwa sauka a ƙasar. Ga gwamnatin da ake yi wa kallon mai sanyin hali, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Gwaje-gwajen ba su tsaya ba. Sai da aka yi 17 a Aljeriya zuwa 1966, huɗu a fili, sauran a cikin duwatsun In Ekker. Amma tsoron da suka haifar ya bar mana gado: shi ne silar kafa sashen sa ido kan tururin nukiliya a Jami'ar Ibadan a 1964, wanda daga zuriyarsa hukumar NNRA ta Abuja mai kula da harkokin nukiliya ta fito.

Tun daga wancan lokaci Najeriya ba ta cika kaucewa wannan turba ba, duk da an yi masu wani ra'ayin. Masani Ali Mazrui ya ce a 1979 ya kamata ƙasashe irin su Najeriya su nemi nasu bam ɗin, Bolaji Akinyemi ma ya yi irin wannan magana a 1987 yana ministan harkokin waje, lokacin da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ke ƙera nata a ɓoye. Wannan ra'ayi bai yi rinjaye ba. Afirka ta Kudu ta wargaza bama-bamanta shida da hannunta, aka rattaba hannu kan yarjejeniyar Pelindaba a Alƙahira a 1996, wadda ta ayyana Afirka nahiyar da babu makamin nukiliya, ta kuma fara aiki a 2009.

Da aka zo batun haramta makamin baki ɗaya, Najeriya na cikin 'yan tsirarun ƙasashen da suka ja ragama, tare da Ostiriya da Burazil da Ailan da Meziko da Afirka ta Kudu. Ƙasashe 122 suka amince da yarjejeniyar a Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 7 ga Yulin 2017. Najeriya ta sa hannu a watan Satumban shekarar, ta miƙa takardar amincewarta ta ƙarshe ranar 6 ga Agustan 2020, ranar da harin Hiroshima ya cika shekara 75.

Ginin ma'aikatar harkokin waje a Abuja sunan Tafawa Ɓalewa yake ɗauke da shi. Daga ƙofarsa zuwa sakatariyar ƙaramar hukumar birni ta AMAC a Garki tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Tambayar ita ce ko maganar da aka sa wa hannu a wancan gini tana da abin da za ta nema a wannan.

Garuruwan da suka ce da su za a yi

A wasu ƙasashen an daɗe da ba da amsa. Hujjarsu mai sauƙi ce: ba a kan ma'aikatar tsaro kaɗai ake saita makamin nukiliya ba, a kan gari ake saita shi. A Hiroshima mutum kusan 140,000 suka mutu kafin ƙarshen 1945, cikinsu har da magajin garin, Senkichi Awaya. Asibitoci da 'yan kwana-kwana da ma'aikatan da ya kamata su kai ɗauki, duk da su aka tafi.

Saboda haka ne magajin garin Hiroshima Takeshi Araki ya kafa ƙungiyar magadan gari masu neman zaman lafiya a 1982, wadda yanzu take da garuruwa fiye da 8,000 a ƙasashe sama da 160.

Wasu ba su tsaya a shiga ƙungiya ba. Majalisar birnin Manchesta a Ingila ta ayyana kanta yankin da ba ya maraba da nukiliya a Nuwambar 1980, ƙananan hukumomi fiye da ɗari suka bi sahu. Da gwamnatin Margaret Thatcher ta shirya babban atisayen yadda farar hula za su yi idan an kai harin nukiliya, da yawansu suka ƙi shiga, suna cewa yaudarar jama'a ce a nuna musu ana iya tsira. Dole aka soke atisayen a 1982.

A Japan, majalisar birnin Kobe ta yanke a 1975 cewa duk jirgin yaƙin da zai shiga tashar ruwanta sai ya kawo takardar shaidar ba ya ɗauke da makamin nukiliya. Amurka ba ta faɗin wane jirginta ke ɗauke da shi, don haka jiragen yaƙinta suka yi gomman shekaru ba su shiga Kobe ba. Majalisar ba ta da soja ko ɗaya. Tashar ce kawai ke hannunta. A ƙasar Niyu Zilan kuwa daga ƙananan hukumomi abin ya taso, babban birni Wellington ya shiga a 1982, kafin 1987 ya zama dokar ƙasa.

Sai batun aljihu. Ƙaramin garin Takoma Park a jihar Maryland ta Amurka ya yi doka a 1983 cewa hukumarsa ba za ta sayi kaya daga kamfanin da ke ƙera makaman nukiliya ba. A Disambar 2021 majalisar birnin Niyok, birnin da aka soma tsara aikin bam ɗin farko a cikinsa, ta nemi a janye kuɗin fanshon ma'aikatanta daga irin waɗannan kamfanoni. Abin da ake magana a kai bai kai rabin dala biliyan ɗaya ba cikin asusun da ya haura dala biliyan 200, kuma ƙuduri ne na neman a yi, ba umarni ba.

Ba kullum ake cin nasara ba. Dokar da mutanen Oakland suka kaɗa wa ƙuri'a a 1988, wata kotun tarayya ta rushe mafi yawanta a 1990, bisa hujjar cewa tsaro hurumin gwamnatin tarayya ne.

"Mu da muke neman albashin malamai"

Wannan hujja ta kotun Amurka ta fi ƙarfi ma a nan. Kundin tsarin mulki na 1999 ya jera makamai da tsaro da hulɗa da ƙasashen waje da makamashin nukiliya a cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Abin da ya bar wa ƙaramar hukuma shi ne kasuwa da tasha da shara da maƙabarta da sanya wa tituna suna da hannu a makarantun firamare da ƙananan asibitoci.

Kuma ko waɗannan ɗin da ƙyar ake riƙe su. Ƙananan hukumomin Abuja shida, AMAC da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji, sun ga malaman firamarensu sun rufe azuzuwa fiye da wata uku a 2025 a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Kotun Ƙoli ta yanke a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, amma tsugune ba ta ƙare ba. Ka tari kansila da maganar bam ɗin nukiliya, ba mamaki ya ce maka, Malam, bari mu gyara fanfon mazaɓata tukuna.

Wanda ya rasa ɗan'uwa a tashar Nyanya a Afrilun 2014, ko ya kwana yana jin harbi a Kuje daren da aka fasa gidan yari a Yulin 2022, ko ya sayar da fili ya biya kuɗin fansa a Bwari, shi ma yana da tasa maganar. Makamin da ke kashe mu AK-47 ne da bam ɗin da aka haɗa a ɗaki. A nan Abuja aka sa hannu kan yarjejeniyar ECOWAS ta taƙaita ƙananan makamai a 2006, kuma har yau bindiga ba ta yi wuyar samu a dazukan Arewa ba.

Na yarda da mafi yawan wannan. Idan wata ƙaramar hukuma ta kira taro a otal, ta buga kyalle, ta ayyana kanta yankin da babu nukiliya, ta raba kuɗin zama, ba ta ƙara wa kowa komai ba, tunda Pelindaba ta riga ta yi wannan aikin ga nahiyar gaba ɗaya. Inda na rabu da masu sukar shi ne cewa wai abin ba ya taɓa mu.

Wani bincike da mujallar Nature Food ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa yaƙin nukiliya tsakanin Indiya da Pakistan kaɗai zai iya tura hayaƙin da zai dushe rana, ya rage zafi da ruwan sama na shekaru, har yunwa ta kashe mutum fiye da biliyan biyu. Idan tsakanin Amurka da Rasha ne, waɗanda ke riƙe da kusan kashi 90 cikin ɗari na makamai kimanin 12,000 da ke duniya, adadin ya haura biliyan biyar. Manomin gero a Abaji da mai doya a Kwali da damina suka dogara. Mun kuma ga abin da yaƙin Yukren, wanda ba na nukiliya ba, ya yi wa farashin burodi da taki a 2022.

Ina kuɗin ma'aikaci ke kwana?

Ƙungiyar ICAN mai fafutukar kawar da makaman nukiliya, wadda ta ci kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2017, ta ce ƙasashe tara masu makaman nukiliya sun kashe fiye da dala biliyan 100 a kansu a 2024. Kaso mai tsoka na kuɗin yana zuwa ne ga kamfanoni irin su Northrop Grumman da General Dynamics da Lockheed Martin da Boeing da BAE Systems, su kuma suna samun jari da bashi daga bankuna da asusun fansho. Nan ne masu fafutuka suka ga ƙofa. Babban asusun man fetur na Norway ya cire irin waɗannan kamfanoni daga jerinsa tun wajen 2005, asusun fanshon ma'aikatan gwamnatin Holan ya yanke irin wannan shawara a 2018, ko da yake tun bayan yaƙin Yukren ake ta matsa lamba a Turai a sassauta.

A Najeriya, bisa dokar 2004 da aka sabunta a 2014, ana cire kashi 8 daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10, kamfanonin fansho su juya kuɗin a ƙarƙashin kulawar PenCom. Dukiyar ta haura naira tiriliyan 20. Gaskiyar magana, kusan kashi biyu cikin uku bashi ne da aka ba gwamnatin tarayya, abin da ke fita waje kaɗan ne. Malamin firamare a Gwagwalada bai da dalilin zargin cewa kuɗinsa na ƙera makami mai linzami a yau.

Sai dai tun faɗuwar naira a 2023 ake ta kiran a buɗe wa kuɗin fansho hanyar shiga kadarorin dala, kuma hukumar NSIA mai ajiyar rarar kuɗin ƙasa ta daɗe tana zuba wani ɓangare a kasuwannin waje. Kuɗin NSIA na matakan gwamnati uku ne, har da ƙananan hukumomi. Lokacin kafa sharaɗi shi ne kafin kuɗi ya fita. Bayan nan ihu ne bayan hari. Ƙaramar hukuma ba ta zaɓar hannun jari, amma ita ke ɗaukar dubban ma'aikata, ita ke zaɓar bankin da za ta ajiye kuɗin shiga. Ita da ƙungiyoyin ma'aikatanta, NULGE da NUT, suna da bakin tambaya a rubuce: akwai irin waɗannan kamfanoni a jerinku, ko babu?

Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurin mai karatun nan. Tun da bankin Jaiz ya buɗe a 2012, gwamnati ta fitar da sukuk a 2017, PenCom ta kawo asusun da ba ruwansa da ruwa a 2021, mutanenmu sun saba tambayar me ake yi da kuɗinsu. Ma'aunan tace jari na Musulunci da dama, kamar na Dow Jones, sun jera kamfanonin makamai tare da na giya da caca. Abin da Turawa suka iso gare shi ta hanyar zanga-zanga, mu muna da shi a fiƙihu.

Akwai sarƙaƙiya, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Boeing da Airbus duka suna da hannu a harkar makaman nukiliya, kuma su ne ke ƙera jiragen da ke kai alhazanmu Saudiyya. Ƙasar da ke yaƙi da 'yan bindiga ba za ta ƙaurace wa duk mai sayar da makami ba. Shi ya sa nake ganin a tsaya a kan abu ɗaya: kada ribar ajiyar ma'aikacin Najeriya ta fito daga makamin da Najeriya ta sa hannu ta haramta. Yarjejeniyar ta hana taimaka wa mai ƙera shi, ƙasashe da dama kuma sun fassara cewa zuba jari taimako ne.

Abin da ke cikin baron ɗan gwangwan

Inda maganar ta fi kusa da ƙaramar hukuma ba a banki ba ne, a bola ne.

A 1987 a garin Goiânia na Burazil, wasu masu tsintar ƙarafa biyu suka ciro wani ƙarfe daga na'urar gashin cutar daji a wani asibiti da aka yi watsi da shi, suka sayar wa mai sayen gwangwan. A ciki akwai wani gari mai ƙyalli shuɗi, mutane suka riƙa nuna wa 'yan'uwa, yara suka taɓa. Mutum huɗu suka mutu, kusan 250 suka gurɓata, aka auna fiye da 100,000, aka rushe gidaje.

Ba sai mun je nesa haka ba. A Arlit ta Jamhuriyar Nijar, garin da Hausa ce harshen kasuwarsa, an fara haƙar yuraniyum a 1971. Mahaƙar COMINAK ta Akokan ta rufe a Maris ɗin 2021 ta bar tarin dusar ma'adini kimanin tan miliyan 20. Ba gwamnati ce ta fara ɗaga murya ba, wata ƙungiyar mutanen gari ce, Aghirin'man, ƙarƙashin Almoustapha Alhacen. Ita ta gayyato masu awo na CRIIRAD daga Faransa a 2003, daga baya Greenpeace ta zo a 2009. Sun tarar da ƙarafa masu tururi ana sayar da su a kasuwa, irin ƙarafan da maƙera ke mayarwa kayan gida, sun kuma tarar da titunan Akokan da aka yi wa ciko da duwatsun mahaƙa.

A Abuja ana amfani da irin waɗannan sinadarai a asibitoci da wuraren gine-gine da masana'antu. A Sheda ta ƙaramar hukumar Kwali akwai cibiyar fasahar nukiliya mai na'urar haska kayan abinci da na asibiti. Duk aikin alheri ne, NNRA ke ba da lasisi tana sa ido. Zariya ma ta nuna ana iya yin abin da ya dace: ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta fara aiki a 2004, an sauya mata makamashi a 2018 zuwa wanda ba ya yin bam, aka mayar wa Sin tsohon, kimanin kilo ɗaya, a Disambar shekarar.

Amma NNRA ba ta da ma'aikaci a kowace panteka. Wanda ya san masu sayen gwangwan a Dei-Dei da Mpape da Apo, ya san shugabanninsu, yake yanka musu rasit, shi ne jami'in ƙaramar hukuma da mai unguwa. A farkon 2025 hukumar babban birnin tarayya ta rufe kasuwannin panteka na ɗan lokaci saboda satar murafen kwalbati da wayoyin lantarki. Tunda ana iya tantance su saboda sata, ana iya nuna musu alamar nan mai kunnuwa uku ta haɗarin tururi, a ba shugabanninsu lambar da za su kira, a ajiye na'urar awo ta hannu a babbar ƙofa. Kuɗinta bai kai na tayoyin motar ciyaman ba. Yaran da ke tura baro suna ƙwanƙwasa ƙarfe a lungunan Kubwa da Lugbe akasari 'ya'yanmu ne daga Kano da Katsina da Zamfara, kuma su ne za su fara ɗaukar abin da hannu.

Sai makaranta, wadda ita ma tana hannun ƙananan hukumomin nan shida. Yara a Hiroshima suna tashi da labarin 6 ga Agusta, hukumar garinsu ce ke riƙe da gidan tarihin, ita ke shirya taron kowace shekara. Namu labarin yana da rana, 13 ga Fabrairu, yana da wanda ya tsaya a kansa, mutumin da hotonsa ke jikin naira biyar. A tsakiyar Fabrairu hazo bai gama janyewa daga Bwari da Kuje ba, don haka malamin da zai ba da labarin ba ya buƙatar taswira. Ya buɗe tagar aji ya nuna wa yara arewa.